Amsa: Wane abinci ne ke tafiya da Chianti Classico?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara aiki a gidan abinci a Italiya, baƙi na tambayarka abin da za su ci da jar giyar inabi ta Chianti Classico. Ka nuna musu taliya mai miyar tumatir, ko gasasshen naman sa irin na Fulorens, ko cukun tumaki da ake kira pecorino. Dalili kuwa tsami ne. Aƙalla kashi 80 cikin 100 na inabinta Sangiovese ne, mai tsami-tsami kamar zoɓon da ba a sa wa sukari ba, da ƙamshin ceri da busasshen ganye, sannan da ɗan bauri irin wanda goro ke bari a harshe. Tsamin yakan jure wa tumatir, baurin kuma maiƙon nama ne ke kwantar da shi. Giyar daga tuddan Tuskani take, tsakanin Fulorens da Siyena, yankin da aka shata wa iyaka tun 1716. Ka duba hoton baƙin zakara a jikin kwalbar, shi ne shaidarta.

Sharaɗi ɗaya, daga shekarun da na yi ina kai abinci teburi: kada ka haɗa ta da kifi ko abinci mai yaji sosai. Kifi yakan bar ƙarni kamar an lashi ƙarfe, barkono kuma ya ƙara mata zafi a maƙogwaro. Idan naman mai kitse ne, miƙa nau'in Chianti Classico da ake kira Riserva, wadda ke kwana aƙalla wata 24 kafin a fitar da ita kasuwa.