Ƙwaya ɗaya aiki biyu, ka ce?

Wato tambayarka ita ce, tunda hunturu ya shigo, masu atishawa da masu fuka sun yi yawa, me zai hana mu riƙa ba su haɗaɗɗen maganin nan kowa ya huta? Ajiye wayar nan tukuna. Ku yaran yanzu kwali kuke haddacewa, ba ku juya bayansa ku ga me ke ciki.

Haɗi ai ba iri ɗaya ba ne. Akwai montelukast da levocetirizine a ƙwaya guda, na mai yoyon hanci da ƙaiƙayin ido wanda kuma ƙirjinsa ke kamawa. Da dare ake sha, kuma ka tambayi mai shi ko yana mugun mafarki ko ransa na yawan ɓaci, don a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta tsananta gargaɗi a kan haka. Piriton kuwa ba sai na ɓata bakina ba, ko ɗan Sahu ya san yana sa barci.

Na shaƙa shi ne ya ja mini. Shekarar da kamfanin GSK ya ce zai daina sayar da kayansa kai tsaye a Najeriya, 2023 ke nan, Seretide, maganinsu na fuka da ake shaƙa, ya yi tsadar da ba a magana. Wani Alhaji, maƙwabcina a layin nan, ya zo da takardar likita ta matarsa. Ya ce in samo masa guda shida kafin kuɗin ya ƙara tashi, ƙarshen wata zai biya. Na kwashi jarina na samo. Na zaunar da shi a bencin da kake kai, na ce Alhaji, wannan mai launin shunayya magani biyu ne. Fluticasone na kwantar da kumburin hanyar iska, salmeterol na riƙe ta a buɗe awa 12, amma ba ya kamawa da wuri. Safe da yamma za ta shaƙa, ko lafiyarta ƙalau, ta kurkure baki ta zubar don kada farin ƙuraje su fito mata. In ciwo ya taso, shuɗin nan Ventolin za a ɗauko, in bai lafa ba sai asibiti. Ya ce to, to, idonsa na kan titi.

Ba a yi sati biyu ba ƙura ta taso, ciwo ya kama ta tsakar dare. Suka ɗauko mai launin shunayya suna ta fesawa. Allah ya sa da sauran kwana, aka kai ta asibiti. Da safe sai ga shi ƙofar shagon nan da mutane a bayansa, wai na sayar masa da jabu. Ni! Shekara 26 ina sana'ar nan. Na nuna lambar NAFDAC, na nuna rasit, ya ce shi bai san wannan ba. Ya watso mini guda biyar, duk yara sun ɓare su. Wa zai sayi ɓararren magani? Daga baya na ji ashe kanta ya yi ciwo ranar ta sha Alabukun, mai asfirin, wanda ke tayar wa wasu masu fuka ciwo. Wannan bai faɗa wa jama'a ba. Har yau sisi bai ba ni ba, kuma sahu ɗaya muke sallah.

Daga nan ya koma wani shago, wani yaro sa'anka ya haɗa ta da ƙwaya mai betamethasone da dexchlorpheniramine. Nan take ta ji sauƙi, suka ce ga mai magani. Wata huɗu tana sha. Fuska ta yi suntum, sukari ya hau, mata na cewa hutu ne ya karɓe ta. Irin wannan kuma ba a yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa, in ba haka ba jiki ya zube. Shi ne wanda ka nuna mini ɗazu kana murna. In babu takarda, ko ƙanin babanka ne kada ya fita daga kantar nan.

Tashi ka ɗauko kwalin can na sama, ka karanta mini abin da ke bayansa in ji.