Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar Kyauta Ce, Jabun Kaya Ne Ke Cinye Kuɗin

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ya rubuto cikin damuwa. Yana sha'awar harkar rediyon ƴan sa-kai, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa, amma an ce masa sai mai hannu da shuni ke iya ta.

Kwantar da hankalinka, ƙanena. Fara da sauraro. Nemi ɗan abin nan da ake kira RTL-SDR, mai kamo tashoshin rediyo, ka soka shi a kafar USB ta kwamfutarka, ka ɗora mata manhajar SDR++ ko Gqrx. Manhajojin biyu kyauta ne, kuma a buɗe suke, duk mai iyawa zai duba yadda aka rubuta su, ya gyara. Shi RTL-SDR yana kamo zango tun daga wajen megahaz 24 har ya wuce 1,700. Wayar jan ƙarfe a kan soro ta ishe ka eriya a farko.

Wani daga Magariya ya ce an yi masa tayin manhajar CHIRP “ta asali” a jika biyar. Malam, ko dala kada ka bayar. CHIRP kyauta ake sauke ta, aikinta zuba tashoshi cikin oba-oba irin su Baofeng UV-5R.

Amma tunda an taɓo nan, bari in yi faɗan da na saba. Yawancin masu kawo min ƙarar CHIRP, wayar haɗa oba-oba da kwamfuta ce ta yaudare su. An cika kasuwa da masu jabun ƙwaƙwalwar kamfanin Prolific a ciki. Ka soka, Windows ta ƙi gane ta, ka sauke manhaja ka sake ɗorawa har dare ya raba, a ƙarshe ka ce rediyon ne ya lalace, ka sayo wani. Ka nemi mai ƙwaƙwalwar FTDI ko CH340, ka tafi da kwamfutarka a gwada a gabanka, a Kasuwar Dole ne ko a Kano. Mai shagon da ya ƙi gwaji, ka yi masa sallama. Haka RTL-SDR: masu arahar nan na roba, da zafin Afrilu ya dake su, sai tashar da ka kamo ta riƙa zamewa. Nemi mai jikin ƙarfe da TCXO, wato abin da ke hana tasha zamewa saboda zafi, shi ma a yi hattara, don har tambarinsa ana kwaikwaya. Kwalin UV-5R kuwa da aka rubuta wat 18, rediyon da ƙarfinsa bai wuce wajen wat 5 ba, wa ake yi wa wayo?

Mai tambaya ko oba-oba zai kai muryarsa wurin yayansa a Agadas: haba dai! Ƴan kilomita yake zuwa. Kira shi a WhatsApp.

Wata malamar makaranta daga Birni ta tambayi FT8, wata hanyar aika gajerun saƙonnin kwamfuta ta rediyo. Madalla, Malama. Tana cikin manhajar WSJT-X, wadda Joe Taylor, mai kyautar Nobel ta 1993, ya jagoranci yi. A 2017 FT8 ta fito, tana aika saƙo a zagayen daƙiƙa 15, don haka agogon kwamfutarki ya zama daidai, kuskuren ƴan daƙiƙu ma zai hana ki ganin kowa. Sai dai galibi da rediyon gajeren zango ake yin ta, kuma wannan akwai tsada. Kafin ki kashe ko sisi, ki fara neman izini wurin ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, a ba ki lambar kira mai farawa da 5U. A halin tsaron da ake ciki, oba-oba babu takarda zai iya kwanar da mutum hannun jandarmomi.