Ya sayar da faya-fayan da na ba shi ajiya, zan iya ƙwato su?

Tambaya: Na daɗe ina tara faya-fayan garmaho na ƙungiyar kiɗan metal ta Black Sabbath, da fostoci da riguna da tsofaffin tikitin wasa. Da aiki ya kai ni Legas, na bar su a hannun ɗan kawuna a Unguwar Rimi. Na dawo na tarar ya sayar da fiye da rabi ga wani mai tsofaffin kaya a Kasuwar Barci. Ina so in ɗauki 'yan sanda mu kwaso kayana, shi kuma ya biya ni kuɗin da na gani a intanet.

Amsa: Malam, ban ji daga bakin ɗan kawun naka ba, don haka duk abin da zan faɗa ya rataya ne a kan cewa yadda ka ba da labarin haka ya faru. In haka ne, bai kyauta ba, kuma doka ba ta tare da shi. Wanda aka ba ajiya ba shi da ikon sayarwa, kuma dokar Penal Code ta Jihar Kaduna ta 2017 ta ɗauki cin amana a matsayin laifi.

Sai dai batun zuwa da 'yan sanda a kwaso kaya, ka cire shi daga ranka. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan rikicin da bai wuce na ciniki ba, kuma mai shagon nan, in bai san kayan ajiya ba ne, ciniki kawai ya yi. Ko da an karɓi ƙorafinka kan ɗan kawun naka aka karɓo faya-fayan, ba lallai su zo hannunka ba. Kayan shaida za su zama, kuma suna iya zama a ɗakin ajiya har a gama shari'a. Kai ka fi ni sanin abin da zafin watan Afrilu ke yi wa faifan da aka jibge a kwance.

A ƙa'ida, wanda ba shi da abu ba zai iya mallaka wa wani shi ba, wannan kuwa yana taimakonka. Amma dokar cinikin kaya tana da togaciya, musamman ga wanda ya saya a kasuwa a bainar jama'a, da zuciya ɗaya, bai san da wata matsala ba. Ko togaciyar za ta kare mai shagon, sai an san inda aka yi cinikin, nawa ya biya, da abin da aka gaya masa. In a gida aka kira shi ya kwasa a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, matsayinsa ya raunana.

Inda na fi jiye maka shi ne hujja. Ta yaya za ka nuna wa alƙali cewa wannan faifan naka ne? Masu tarawa kan dogara da lambar da aka zana kusa da tsakiyar faifai, amma lambar bugu take nunawa, duk kwafin da aka buga tare iri ɗaya suke ɗauke da ita. Abin da zai yi maka aiki shi ne rasit, saƙon banki, takardar da kayan suka shigo da ita, tsofaffin hotuna da ke nuna wata yagewa ko tabo a bango, da duk saƙon WhatsApp da ya ambaci ajiyar. Ka tattara su tun kafin ka sake yi wa ɗan kawun naka magana.

Kuɗin da ka gani a intanet kuma ba lallai kotu ta kalle shi ba. Abin da wani ya sa wa kayansa a shafin ciniki na eBay fata ne kawai. Faifan farko na ƙungiyar, wanda kamfanin Vertigo ya fitar a Ingila a 1970, bugun asali yana da tsada, amma an sake buga shi sau da dama, kuma ƙarzuwa kaɗan na karya daraja. Tarihin cinikin da aka kammala a Discogs, shafin saye da sayar da faya-fayai a intanet, ya fi kusa da hujja, shi ma lauyan ɗaya ɓangaren zai ce kasuwar Turai ce. Sa hannun mawaƙi a kan fosta, in babu abin da ke tabbatar da shi, da wuya a saka shi a lissafi. Shekarun da ka yi kana tarawa kuwa, kotu ba ta yi musu farashi.

Akwai kuma batun wace kotu. A fiƙihun Malikiyya mai ajiya yana lamuni idan ya yi ta'adi, sayarwa kuwa ta'adi ne. Amma malamai da yawa ba sa ɗaukar kayan kiɗa a matsayin dukiyar da ake biya, kuma ba zan yi mamaki ba in an ɗaga wannan a kotun shari'ar Musulunci. In har sai an je kotu, ta farar hula ta fi dacewa da kai, bayan lauya ya rubuta wa su biyun takardar neman a mayar da kaya, kamar yadda aka saba.

Ni dai ba kotu zan fara tura ka ba. Ka je wurin mai shagon da kanka, ba da faɗa ba, ka ga abin da ya rage, ka roƙe shi ya dakatar da sayarwa, domin duk faifan da ya wuce hannu na uku da wuya ya dawo. Sannan a zauna da kawu, a sa ɗansa ya mayar wa mai shagon kuɗinsa a karɓo kayan, abin da ya salwanta kuma a yanke masa kuɗi ya biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda ya sayar da amanar ɗan'uwansa bai kira shi ko a waya ba, ba zan yarda da alkawarinsa na baki ba. A rubuta yarjejeniyar, da ranakun biya da shaidu biyu. In zaman gida ya ci tura, akwai cibiyar sasanci ta Multi-Door a ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kaduna, inda ake iya kai yarjejeniya gaban alƙali ta zama hukunci. Kada ka bari abin ya ja lokaci, don shigar da ƙara irin wannan yana da wa'adi.