Kafin ka sayi igiya

Ka ce ka gaji da aron kaya, kana so in faɗa maka abin da za ka fara saye na kanka tunda ka ƙudurta hawan dutse: igiya ce, ko takalmi, ko birkin nan na Grigri, na'urar riƙe igiyar mai hawa, da ka ga manya suna ratayawa a ƙugu. To ɗana, abin da ya fi ɗaukar maka ido shi ne zai zo daga baya. Yanzu naka uku ne: takalmi, ɗamara da hular kwano. Igiya ta ɗan dakata, zan gaya maka dalili.

Takalmi shi ne farko, domin da ƙafa ake hawa, hannu taimako kawai yake yi. Takalmin hawa ana yi masa tafi da roba mai kama dutse, irin wadda kamfanin Boreal na Sifen ya fito da ita a samfurinsa na Firé wajen farkon shekarun 1980, tun daga nan kowa ya bi sahu. Za ka ga wani mai lanƙwasasshen baki yana kallon ƙasa, ga kyau ga tsada. Na masu hawan bangon da ya rinjayo a kansu ne, kai ba ka kai can ba, in ka saye shi azaba kawai za ka sha. Nemi mai shimfiɗaɗɗen tafi. Ka gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ba safa. Yatsunka su taɓa gaba, kada a sami iska a dunduniya, amma in ka miƙe tsaye hawaye na neman zubo maka, to ya yi kaɗan, ko da wa ya ce maka haka ake sa shi. Na fata yana saki bayan an sha hawa da shi, na roba da yadi ba ya saki sosai, ka yi lissafi da wannan. Lambar takalminka na yawo ba za ta yi maka jagora ba, domin La Sportiva da Scarpa duk 'yan Italiya ne amma ƙirarsu ba ɗaya ba ce. Sai ka sa ƙafa. Kuma kada ka zuba kuɗi da yawa a na farko: sabon shiga yana jan ƙafa a jikin dutse, bakin takalmin ba ya daɗewa yake hujewa.

Takalmi kana iya sayen na hannu in ya yi maka daidai. Ɗamara kuwa, wato abin da ake ɗaurawa a ƙugu da cinya a ƙulla masa igiya, da duk wani abin da ranka zai rataya a kansa, sabo za ka saya, ban yarda da wata magana ba. Nailan yana lalacewa ba tare da ido ya gani ba. Rana tana cinsa, ruwan batir in ya ɗiga masa ya gama da shi ko da launinsa bai sauya ba, kuma mai sayar maka da na hannu shi kansa mai yiwuwa bai san inda kayan suka kwana ba. Masu ƙerawa irin su Petzl suna cewa kayan zare kada su wuce shekara 10 ko da a ajiye suke, wanda ake aiki da shi kullum kuma ba ya kusantar haka.

In za ka gwada ɗamara, ɗaura ta sama da ƙashin ƙugu, ka ja ta ƙasa da ƙarfi. In ta zame ta wuce ƙugun, ranar da ka kife kai ƙasa za ka fice daga cikinta. Madaurin cinya ya bar wurin da tafin hannu zai shiga a kwance. Sannan ka nemi a rataye ka a cikinta na 'yan mintoci, a nan ne za ka san ko tana cin baya. Akwai zoben yadi a gaba wanda ya haɗa ƙugu da cinya, inda ake maƙala birki. Wannan zoben ka riƙa duba shi duk ranar da za ka hau. Todd Skinner, ɗaya daga cikin gwanayen Amurka, a 2006 yana saukowa da igiya daga Leaning Tower a Yosemite zoben nan ya tsinke masa, ya rasu. Ɗamarar ta tsufa ta lalace, kuma an riga an lura da hakan kafin ranar. Mutum ne da ya fi ni da kai sanin dutse nesa ba kusa ba, shi ya sa labarin yake taɓa ni har yau.

Hular kwano ba ta da dogon bayani. Dutse yana ɓalle tsakuwa, na sama yana iya sakin ƙarfe, kuma wanda ke ƙasa riƙe da igiya ya fi kowa zama a bakin haɗari. Sayi wadda aka yi don hawa, mai lambar ƙa'idar inganci ta Turai EN 12492, ta zauna daram ko ka girgiza kai. Ta keke an yi ta ne don wani irin bugu daban. Jakar alli kuwa kowace iri ta yi. Garin yana shanye gumin hannu ne kawai, wani mai hawa Ba'amurke, John Gill, ya aro shi daga 'yan wasan motsa jiki a shekarun 1950, kuma ina roƙonka kada ka zama cikin masu shafe dutse da shi su tafi su bar shi fari fat.

Sai ƙugiya mai ƙofa, wadda muke ce wa karabina. Ɗauki tawa ka duba bayanta, za ka ga lambobi uku an zana da kN a gefe. Kowane kN ɗaya kusan nauyin kilo 100 ne a rataye. Ƙa'ida ta ce a tsaye, ƙofa a rufe, kada ta gaza 20. In nauyi ya faɗa mata a gicciye, ko ƙofa a buɗe, abin da ake nema wajen 7 ne kacal. Ka ga ƙarfe ɗaya ne, amma yadda ya zauna ya cinye kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa. Shi ya sa wadda za ta riƙe birkinka dole ta zama mai kulle, kuma idonka ya saba da leƙa ta ko ta juya. Duk wadda ba ta da waɗannan lambobi da tambarin inganci na CE ko UIAA, ta rataya makullai ce.

Grigri da kake so, Petzl ta fito da shi a 1991, kuma abu ne mai kyau, yana taimakawa wajen cafke igiya in mutum ya faɗo. Damuwata da shi a hannun sabon shiga ita ce yana koya wa hannu lalaci. Fara da birki mai sauƙi irin ATC na Black Diamond, ina tsaye a bayanka riƙe da jelar igiyar, har hannunka na birki ya haddace cewa ba ya sakin igiya ko ƙudan zuma ne ya harbe ka. In wannan ya zauna, ka koma Grigri da hannun da ya riga ya san aikinsa.

Dalilin da na ce igiya ta jira shi ne ba ka san irin hawan da za ka riƙe ba tukuna, kuma duk wanda zai fita da kai a wannan matakin yana da tasa. In ma ƙananan duwatsu suka fi burge ka, waɗanda ake hawa ba igiya, katifar faɗowa za ka nema. Ranar da lokacin saye ya yi, ka tabbata mai talewa ce, mai lambar EN 892. Akwai wadda ba ta talewa, ta sauka da jan kaya, faɗuwa a kanta tana iya karya baya. Mai talewa ana gwada ta da nauyin kilo 80, ta jure faɗuwa mai tsanani aƙalla sau 5, kuma fizgar farko kada ta haura kN 12. Kaurin milimita 9.5 zuwa 10 ya fi dacewa da kai, siririya tana gudu a birki. Tsawo kuma ka tuna hawa da sauka ne: hanyar mita 30 tana cin igiyar mita 60 cif, don haka a kullum ka ƙulle ɗaya bakin kada ya zare daga birki abokinka yana sama.

Kafin duk wannan, samo guntuwar tsohuwar igiya ka riƙa ɗaura ƙullin nan mai siffar 8 har ka iya shi ido a rufe. Lynn Hill, wadda a 1993 ta riga kowa hawan hanyar Nose a dutsen El Capitan na Yosemite da hannu da ƙafa zalla, igiya tana kariya kawai, a 1989 a Buoux ta Faransa hankalinta ya ɗauku ba ta ƙarasa ƙullinta ba. Ta kai sama, ta jingina, ta faɗo fiye da mita 20, bishiya ce ta rage mata ƙarfin faɗuwar ta tsira da rai. Saboda haka kafin ƙafarka ta bar ƙasa, abokin hawanka ya kama ƙullinka da hannunsa ya duba, ya ja ɗamararka, kai ma ka matsa ƙofar karabinarsa ka ji ta kulle, ka ga igiya ta shiga birki ta hanyar da ta dace. Gobe ka zo da takalman da ka gwada ka ji sun yi maka, in duba zamansu a ƙafarka kafin ka biya.