In ƙara leya ne a netwok ɗina na hasashen farashin masara?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a nan Gombe, furojet ɗina shi ne gina niyural netwok, wato manhajar kwamfuta mai koyo daga misalai, da zai yi hasashen farashin buhun masara a Tudun Hatsi. Ina da farashin kowane wata daga 2020 zuwa 2024, ina ba shi na wata 12 na baya ya faɗi na gaba. Na sa leya biyu, wato matakan lissafi biyu a jere, kowace da niyuron 64, wato ƙananan masu lissafin da ke cikinta. Wajen horarwa yana ci sosai, amma da na ba shi sabon wata sai ya yi ta shirme. In ƙara leya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Dan Allah kar ka ƙara, ragewa ma za ka yi.

Zo mu yi lissafi tare. Shekara 5 wata 60 ne, ka cire 12 na farko, misalai 48 kacal suka rage maka na koyarwa. Shi kuwa netwok ɗin da ka gina, lambobin da yake gyarawa a cikinsa 5,057 ne. Kaga abu mai wannan girma ka ba shi misali 48 ai haddace su kawai zai yi, kamar yaron da ya haddace amsoshin jarabawar bara, ranar da aka sauya tambaya sai ya tsaya yana kallon silin. Ka gwada leya ɗaya mai niyuron 8, lambobin su dawo 113, kuma ka tsayar da horarwar da zarar kuskurensa a kan wasu watannin da ka ware daga cikin na koyarwa ya fara hawa.

Maganar warewa kuma, nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa kuma abin yana damuna gaskiya. Kar ka cakuɗa watannin ka ɗebo na gwaji ta ko'ina. Ka koyar da shi da 2020 zuwa 2023, ka ɓoye 2024 gaba ɗaya sai ranar gwaji, don in ya leƙa farashin Agusta sannan ka tambaye shi na Yuli ai ba hasashe ya yi ba, satar amsa ce.

Sannan kafin komai ka buɗe Excel ka yi hasashe mafi sauƙi, wato farashin wata mai zuwa daidai yake da na wannan watan, ka auna kuskurensa. Netwok ɗinka in bai doke wannan ba toh bai koyi komai ba tukuna.

Abin da kake ba shi ya fi yawan leya muhimmanci nesa ba kusa ba. Duk ɗan kasuwar Tudun Hatsi ya san masara na saukowa da kaka, ta hau da damina ta yi nisa rumbuna sun yi ƙasa, saboda haka ka sa masa watan da ake ciki. Ka sa ruwan sama, akwai rumbun bayanan ruwan sama mai suna CHIRPS, kyauta ne, kuma bayanansa sun faro tun daga 1981. Ka sa farashin fetur, hukumar ƙididdiga NBS na fitar da shi duk wata jiha-jiha, domin tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya sauya komai, kuma netwok da bai taɓa ganin irin wannan tashin ba ba zai hango shi ba. Shi ya sa na fi so ka sa shi ya yi hasashen kashi nawa cikin ɗari farashin zai hau ko ya sauka, ba adadin naira ba.

Nau'in netwok ɗin nan mai suna LSTM da ake ta yayi, wanda Hochreiter da Schmidhuber suka fito da shi a 1997, an yi shi ne don bayanai masu bin lokaci, amma yana cin data sosai, ka bar shi tukuna. Ka je kasuwar ka zauna da dillalai, wasunsu suna da littafin da suke rubuta ciniki, in suka yarda ka kwafi na mako-mako, ka haɗa da na dawa da gero da wake, in da hali har na kasuwar Kumo. In misalanka sun kai ɗaruruwa sai ka dawo mu yi maganar leya ta biyu.