Ta yaya ƙasashe ke tsara ƙarfin sojansu?

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya ko akwai wani ma'auni da ƙasashe ke bi wajen gina ƙarfin soja, ko kuwa duk wadda ta sami kuɗi shiga kasuwa kawai take yi ta kwaso jirage da tankoki. Akwai. Na daɗe a ɓangaren kayan aiki da tsare-tsare kafin in ajiye kaki, don haka ga abin da na sani.

Abin da ake fara cusa wa hafsa a kwas ɗin tsare-tsare shi ne, makami shi kaɗai ba ya zama ƙarfi. Ƙarfi shi ne a iya yin wani aiki, a wani wuri, a kuma ci gaba da yin sa har tsawon lokacin da ake buƙata. Amurkawa suna auna wannan da abubuwa bakwai da suke taƙaitawa da DOTMLPF: ƙa'idojin yaƙi, tsarin runduna, horo, kayan aiki, shugabanci, mutane, da gine-gine. Daga baya suka ƙara manufofi. Na Ingila takwas ne, kuma shi na fi so, domin sun ware jigilar kaya da gyara suka ba shi layinsa daban, haka ma bayanai. A wajen jigila da gyaran ne abubuwa suka fi mutuwa.

Na ga sababbin motoci masu sulke a jere a wani bariki, fenti na ƙyalli, amma kusan rabinsu ba sa tashi. Wannan batir ya mutu, waccan tana jiran taya, kuma tayar ba irin wadda za ka aika yaro ya sayo a kasuwa ba ce. Makanikan da aka tura ƙasar waje suka koyo gyaransu kuwa, an yi musu canjin wurin aiki. A takarda muna da motoci. Ranar fita aiki, a bayan buɗaɗɗiyar mota yara suka tafi.

Ba a kanmu aka fara ba. Najeriya ta sayi jiragen yaƙi ƙirar Jaguar guda 18, suka fara isowa a 1984, amma zuwa farkon shekarun 1990 an ajiye su saboda tsadar riƙo. A Afganistan a 2021, da 'yan kwangilar da ke gyara jiragen sojan ƙasar suka tattara suka tafi, jirage da yawa suka zauna a ƙasa. Shi ya sa lokacin da mutane ke ƙorafin cewa kusan dala miliyan 500 ta yi yawa a kan jiragen yaƙi ƙirar Super Tucano 12 da Najeriya ta saya, waɗanda shida na farko suka iso a Yulin 2021, nake cewa a duba abin da ke cikin cinikin tukuna. Akwai horon matuƙa da masu gyara, da kayan canji, da albarusai, ga kuma aikin gine-ginen da aka yi a sansanin Kainji. Galibi kuɗin riƙe jirgi tsawon rayuwarsa ya fi kuɗin sayensa.

Sai muhawarar da ta fi zafi: daga ina ake fara lissafi? A zamanin yaƙin cacar baka abin da sauƙi, an san abokin gaba, a ƙirga tankokin Tarayyar Sobiyet a shirya daidai da su. A 2001, ƙarƙashin sakataren tsaronta Donald Rumsfeld, Amurka ta ce ta daina kafa shirinta a kan waye zai kawo hari, za ta duba ta wace hanya za a iya kawo shi. Tunanin yana da kyau, amma a ganina na masu aljihu ne. In ba ka ambaci abokin gaba ba, jerin buƙatu ba ya ƙarewa, kowane reshe na soja zai kawo nasa. Mu kuwa mun san filin: dajin Sambisa, tsibiran Tafkin Chadi, dazukan Zamfara, mutane a kan babura da nakiyoyi a binne a hanya. Abin da wannan fili yake nema shi ne leƙen asiri, da jirage marasa matuƙa, da motoci masu jure nakiya, da ƙananan jiragen ruwa masu shiga ciyawa, da hanyar kwaso wanda ya ji rauni da wuri.

Wani kanar na Amurka, Arthur Lykke, ya kwatanta dabarun yaƙi da kujera mai ƙafa uku: abin da kake son cimma, hanyar da za ka bi, da abin da ke hannunka. In ƙafa ɗaya ta gaza, karkacewar ita ce kasadar da ka ɗauka, kuma dole shugabannin siyasa su san da ita su amince.

Kada dai ka ɗauka waɗannan tsare-tsare magani ne. Na zauna a tarurrukan da aka bi layi-layi ana cewa an gama, alhali horon da aka rubuta lacca ce kawai a aji. Abin da ke tona asiri shi ne atisaye na ba-zata: a buga waya da asuba a ce bataliya ta tashi, a tsaya a bakin get a ƙirga motocin da suka fita, sannan a sake ƙirga waɗanda suka isa inda aka tura su.