Amsar Maigida Kan Aikin Zanen Makaranta

Ɗanladi, ka tambaye ni abin da ya kamata ka zaɓa ka zana a aikin da malamanku suka ba ku, da yadda za ka bayyana waɗanda ka yi koyi da su. Ba zan ɓata bakina kan haɗa fenti ba, domin wanda ya shekara uku a shagona bai iya wannan ba, gara ya koma sayar da rake.

Ka zaɓi abin da ƙafarka ta taka, kamar kududdufan da haƙar kuza ta bari, ko masu kayan gwari a Farin Gada. Ku yaran yanzu kuna zaune a Jos, ga gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952 da kawunan Nok na yumɓu a ciki, amma sai ku buɗe waya ku kwafo fuskar da ba ku san asalinta ba. Ladi Kwali ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, ta koyi sabuwar hanyar gasa tukwane, amma ba ta yar da ƙadangaru da kifayen zanen Gwari ba, ga ta nan a bayan naira ashirin. Bayaninka ya bi wannan hanya: ga abin da na ɗauko, ga inda na gan shi, ga abin da na sauya da dalilina. Kowane shafi kuma ka sa hannu da kwanan wata.

Rashin yin haka ne ya cuce ni. Wani mai otal ya nemi in ƙawata masa bango, na kwashe mako uku ina zarya wajen kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya da ke harabar gidan tarihin, ina nazarin bakan gizon rufi irin na Babban Gwani, maginin masallacin na asali, sannan na haɗa shi da aska takwas ta babbar riga. Zane goma sha biyu na miƙa masa, babu sa hannu, ya ce zai nuna wa abokin kasuwancinsa. Bayan wata biyu na tarar da aikina a bangonsa, wani ya yi a rabin kuɗi, har ya kifar da askar, tsininta na kallon sama! Da na kai ƙara wajen dattawan sana'armu, mutumin ya rantse cewa a wata mujalla ya gani, aka ce in kawo shaida, ni kuwa ko takarda ɗaya ban ajiye ba. Ko kuɗin fensir ban karɓa ba, kuma har yau idan zan je Bukuru ba na bin ta gaban otal ɗin.